Alhaji yana son gilashi a fuskar yamma, kwamfuta kuma ta rikita ni

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum manyanmu, barkanmu da dare. Don Allah shawara nake nema, kaina ya ɗaure tun jiya. Wani Alhaji ne ya ba ni aikin zanen bene hawa ɗaya a nan Kano, ƙasa shaguna, sama ofisoshi da wani babban ɗaki da za a yi ajin koyon kwamfuta na mutum 40. Filin yamma yake kallo don ta nan titi yake, shi kuma ya dawo daga Dubai da hoto a waya ya ce gaban ginin gaba ɗaya gilashi yake so tun daga sama har ƙasa, mai shuɗi-shuɗin nan. Na ce kafin in yi wa babba musu bari in sami hujja, sai na ɗora ginin a DesignBuilder, manhajar da ke lissafin zafi da cin wutar gini, na bar shi yana lissafi na tafi sallah, ina dawowa na tarar wai ginin zai fi cin wuta wajen ɗumama ɗaki a kan sanyayawa. Ɗumamawa fa, a Kano. Ni ne ban iya ba ko kuwa abin nan dama bai san ƙasarmu ba?

Injiniya Baban Amira:
Wa alaikumus salam. Hhhh ƙanina je ka duba wane gari ka zaɓa tukuna kafin mu zagi manhajar mutane.

Ɗan Fagge:
Innalillahi. Landan ne wlh. Ban taɓa wurin ba sam, yadda na buɗe shi haka na bar shi.

Injiniya Baban Amira:
To ka ga ai ba ta yi maka ƙarya ba, ta gina wa Alhaji shago a Ingila ta gaya maka gaskiyar Ingila. Kar ka ji kunya, duk wanda ka ga ya iya abin nan ya taɓa yin irin wannan. Ka gane, shi DesignBuilder riga ce kawai, injin da ke ciki yana lissafin sunansa EnergyPlus, ma'aikatar makamashi ta Amurka ce ta fitar da shi a 2001 kuma kyauta ne har yau. Abin da yake yi shi ne ya ɗauki gininka ya bi shi awa bayan awa na shekara guda, awa 8760 kenan, kowace awa ya duba zafin waje nawa ne, rana tana ina, nawa ya ratso ta bango, nawa ta rufi, nawa ta taga, mutum nawa ne a ciki suna fitar da zafin jiki. Duk labarin waje ɗin daga fayil ɗin yanayi yake ɗaukowa, wanda ake ce wa EPW. In ka ba shi na Landan shikenan ka gama da kanka. Ka shiga Climate.OneBuilding ka sauke na filin jirgin Malam Aminu Kano, kyauta ne, ka sake gwadawa.

Tsohon Birkila:
Ni fa yaran nan kuna ba ni mamaki. Yanzu sai an kunna kwamfuta kafin a san cewa gilashi a yamma wuta ne? Tun ina ɗaukar kwaɓa a kai ake gaya mana ba a ba wa ranar la'asar fuska. Ku je Gidan Makama da azahar a watan Afrilu ku shiga ciki ku ji, wa ya yi musu lissafin awa dubu takwas?

Maman Sadiq:
Baba Birkila gaskiyarku ce, kuma ba wanda zai ja da ku a wannan. Amma ku tuna ba ku ne za a shawo kanku ba, Alhaji ne, shi kuma in aka ce masa "kakanninmu sun ce" zai ce ai shi ginin zamani yake so ba na kakanni ba. Hoto mai ja da shuɗi yana yi wa masu kuɗi magana fiye da bakinmu, na sha gani. Sannan akwai tambayoyin da gogewa ba ta amsawa daidai, misali rumfar taga santimita nawa za ta fito ta isa, ko in kuɗi ya gaza tsakanin rufi da gilashi wanne za a fara gyarawa. Nan ne amfanin abin.

Ɗan Fagge kai kuma kafin ka sake danna komai ka zauna ka fahimci tafiyar rana a garinku, don littattafan da kuka karanta yawanci na mutanen da ke can sama da mu ne, su kullum ranarsu a kudu take. Kano tana kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya. Sau biyu a shekara rana tana tsayawa cak a tsakar ka, wajen 21 ga Afrilu da wajen 20 ga Agusta, tsakanin waɗannan biyun kuma ta arewa take bi. A Disamba ne take karkata kudu sosai, shi ma da tsakar rana tana sama da kusan digiri 55. Ma'ana tagar da ke kallon kudu mai tsayin mita 1.2, in ka yi mata rumfa dab da kanta ta fito kamar santimita 85 ka rufe ta da tsakar rana duk shekara, ta arewa kuwa ko santimita 30 ya wadatar. Yamma fa? Wajen ƙarfe 4:30 rana ta sauko kusan digiri 30, bango mai mita 3 sai ka yi masa rumfar da ta haura mita 5 kafin ka kare shi, kuma bayan rabin awa ta sake shigowa ta ƙasa. Ga shi lokacin ne iskar waje ta gama ɗaukar zafi, gini ma ya sha rana tun safe. Shi ya sa yamma ta fi gabas mugunta duk da kusurwar ɗaya ce.

Tsohon Birkila:
To ai abin da na faɗa kenan Hajiya, kin dai sa masa lambobi.

Maman Sadiq:
Shi ne aikina ai Baba, hhh.

Injiniya Baban Amira:
Bari in ƙara masa ɗan lissafi mai sauƙi wanda zai iya yi a gaban Alhaji ba laftof. Da la'asar in gari ya yi garau kowace mita murabba'i ta bangon yamma tana iya shan wat 500 ko fiye na rana. Farin gilashi falle ɗaya yana barin kusan kashi 80 cikin 100 ya wuce ciki. Gilashi mita murabba'i 10 kenan 10 sau 500 sau 0.8, kilowat 4 na zafi. Esi mai doki ɗaya da rabi ƙarfin sanyayawarsa kusan kilowat 3.5 ne. Wato duk mita 10 na gilashin nan ya cinye maka esi guda sukutum da ƙari, ba a ma zo kan mutane ba. Mutum a zaune yana fitar da wajen wat 100, ɗalibai 40 wani kilowat 4 ɗin kenan, ga kwamfutoci 40 kowacce tana hura nata. Ka auna faɗin gaban ginin naka ka ninka ka gani.

Ɗan Fagge:
Oga na sauke na Kano na sake yi, yanzu kam abin ya juya, ɗumamawa ta ɓace, wutar sanyayawa a watan Afrilu da Mayu ta yi tsiri kamar dutsen Dala. Amma na gwada canza gilashin zuwa mai duhu kamar yadda Alhaji ke so, zafin ya ragu amma ba yadda na zata ba, kuma wutar fitilu ta ƙaru. Me ya kawo haka?

Injiniya Baban Amira:
Mai duhun ba korar zafi yake ba, shanye shi yake, gilashin ya yi zafi rau sannan ya juye maka wani kaso ciki. Taɓa gilashin mota mai tinti da rana ka ji. Kuma ya rage haske, sai a kunna fitila da rana tsaka, ka biya kuɗin gilashi ka biya kuɗin wuta. Akwai gilashi na gaske mai falle biyu da wani shafi a jiki wanda ke barin haske ya tare zafi, amma tsadarsa sai ka zauna, kuma ga matsalar da ta fi damuna: kai a manhaja za ka zaɓi gilashi mai lambobi tsaf daga kundin Turawa, ranar saye kuma yaron Alhaji zai shiga kasuwa a tambaye shi 4mm ko 5mm, shuɗi ko ruwan ƙasa, shikenan. Ba takarda ba lamba. To me ka kwaikwaya?

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum 'yan uwa, ina biye da ku daga Zinder. A ƙara da mai walƙiya kamar madubi, shi maƙwabta yake jefa wa zafin. A Landan ɗin da Ɗan Fagge ya kai ginin Alhaji, a 2013 wani dogon bene mai lanƙwasasshen gilashi da suke kira Walkie-Talkie ya tattara rana ya narka sassan wata mota da aka aje a titi, sai da aka bi shi aka saka masa abin tare rana. Ingila fa kenan da ranarsu ba ta kai ta kawo ba.

Ɗaliba 'Yar Samaru:
Don Allah Anti Maman Sadiq ina da tambaya kusa da wannan. A furojet ɗina an ce lallai in nuna kowane aji ya kai kashi 2 cikin 100 na hasken waje. Na yi a DIALux, manhajar lissafin haske, da na juya ginin gabas ko arewa amsar ba ta canzawa ko kaɗan, na ɗauka ko kwamfutata ce. Kuma don in kai kashi 2 ɗin sai da na yi ta faɗaɗa tagogi har ajin ya koma kamar shagon sayar da waya.

Maman Sadiq:
Ba kwamfutarki ba ce 'yata, haka ma'aunin yake. Wannan kashi 2 ɗin asalinsa ƙasashen da gajimare ke rufe sama ne kwana da kwanaki, Ingila musamman. Ana ɗauka babu rana sam, sama ta lulluɓe, tsakiyarta ta ninka gefenta haske sau uku kuma ko'ina ka juya iri ɗaya ne, shi ya sa gabas da arewa duk ɗaya a wurinsa. Su damuwarsu yaya za a jawo ɗan hasken da ke akwai a ranar da ta fi duhu. Mu kuma tamu damuwar akasin haka ce, a waje da rana tsaka ana iya samun lus (ma'aunin ƙarfin haske) 100,000, a kan teburin ɗalibi kuwa 300 zuwa 500 ake buƙata, ko kashi ɗaya cikin ɗari bai kai ba. Ba jawowa za mu yi ba, tacewa za mu yi.

Yanzu abin da aka koma shi ne a bi shekara gaba ɗaya da ainihin sararin garin. Akwai wanda ake ce wa sDA, yana tambaya kashi nawa na daɓen ɗakin ne ke samun lus 300 a aƙalla rabin lokacin aiki, daga 8 na safe zuwa 6 na yamma. Abokin tafiyarsa ASE shi kuma yana kama ɓarawo, yana nuna inda rana kai tsaye ta haura lus 1000 na fiye da awa 250 a shekara, tsarin LEED na ba wa gine-gine maki yana so wannan kar ya wuce kashi 10 na ɗakin. Ginin Alhaji zai ci na farko da maki mai kyau ya faɗi na biyu warwas. Akwai kuma UDI da aka kawo a 2005, ni shi na fi so wa ɗalibai don yana raba miki uku, duhu, daidai, da wanda ya yi yawa, da farko sun sa daidai ɗin tsakanin lus 100 da 2000. Ki sauke Ladybug da Honeybee, ƙananan manhajoji ne da ake ɗorawa a kan manhajar zane ta Rhino in kina da ita, su a ƙarƙashinsu Radiance ne ke aikin, tsohuwar manhaja ce da Greg Ward ya fara tun shekarun 1980 a ɗakin bincike na Lawrence Berkeley a Amurka, kuma har gobe da ita ake gwada sauran. Yadda take yi abin sha'awa ne, ba daga rana take biyo haske ba, daga idonki ko teburinki take komawa da baya tana bin inda ya yi ta karo da bango da silin har ta kai sama.

Amma kar ki je ki ce wa malaminki Anti ta ce ma'auninsa tsohon yayi ne, ki kawo masa duka biyun gefe da gefe ki bar shi ya gani da kansa.

Ɗaliba 'Yar Samaru:
Na gode sosai Anti, Allah ya ƙara girma. Laftof ɗin ce dai abin tausayi, 4 gig ce, in na kunna Rhino har kuka take.

Ɗan Fagge:
Ki rage yawan ɗigon awon, ki yi aji ɗaya kawai ba makarantar duka ba, ni ma haka nake lallaɓawa.

Tsohon Birkila:
To ni ina da tambaya ga masu kwamfuta, kuma ba da gatse nake ba. Ita ta san hunturu? Ta san daga Disamba zuwa Fabrairu ba mai buɗe taga saboda ƙura? Ta san gilashin nan wata biyu zai yi ya koma ruwan ƙasa kuma ba wanda zai hau bene ya wanke? Ta san za a sa ƙarfen ɓarayi da ragar sauro a kowace taga, ragar ma ta toshe da ƙura? Ta san matan ofis za su ja labule tun ranar farko don kar 'yan titi su riƙa kallonsu, labulen kuma ba zai sake buɗuwa ba har a tashi duniya? Ta san za a ɗauke wuta ƙarfe 2?

Injiniya Baban Amira:
Baba wlh wannan ita ce tambayar da ta fi duk abin da muka faɗa yau. Amsa ita ce ba ta sani ba sai an gaya mata, kuma yawancinmu ba ma gaya mata. Akwai jadawali a ciki na komai, yaushe ake buɗe taga, yaushe ake kunna esi, a digiri nawa, mutum nawa, kuma duk an cika su da ɗabi'ar ofishin Turawa: wuta awa 24, esi a kan 24, ƙofa a rufe ruf, kowa ya tashi ƙarfe 5. Mu kuwa ana sa rimot a 16 a bar ƙofa a buɗe, ajin mutum 40 a zuba 65. Ko a Ingila ma da aka bi gine-gine bayan an shiga a shekarun 1990 aka auna, an tarar da yawa suna cin wuta fiye da abin da aka lissafa a zane nesa ba kusa ba, balle mu.

Shi ya sa Ɗan Fagge ina roƙonka kar ka kuskura ka ce wa Alhaji "za ku riƙa biyan naira kaza a wata". Ranar da bil ya zo daban sunanka maƙaryaci. Ka yi amfani da ita wajen kwatanta, wannan zanen da wancan, komai iri ɗaya sai abu guda da ka canza, wanne ya fi. A nan tana da gaskiya sosai ko da lambar ƙarshe ta kauce. Sannan ka yi gwaji guda wanda a ganina ya fi kowanne muhimmanci a ƙasar nan: kashe esi gaba ɗaya a manhajar ka ga awa nawa a shekara ɗakin zai zama ba ya zaunuwa. Don ranar da ba wuta ba dizal wannan shi ne ginin gaskiya.

Maman Sadiq:
Ƙari a kan maganar ƙura. Fayil ɗin da ka sauke daga filin jirgi aka ɗauki zafinsa, fili ne fetal iska na kaɗawa, ba cikin Fagge ko Sabon Gari ba inda kwalta da kwano da janareto suka haɗu, don haka ka sa a ranka wurinka ya fi haka zafi musamman da dare. Ƙarfin ranar da ke ciki ma yawanci ƙiyasi ne ba awon ƙasa ba. Ƙurar hunturu da ke tasowa daga kwarin Bodele a Chadi tana mayar da sama fara fat, rana ta dushe amma ko'ina ya ɗauki ƙyalli mai kashe ido, tagar arewa da ka ɗauka lafiya lau ce sai ka ga ɗalibi yana kare allon kwamfuta da littafi. Ka duba watannin nan da idon basira, kar ka haɗiye duk abin da ta ba ka.

Kuma wajen "ba ya zaunuwa" ɗin, kar ka sa 24 a matsayin iyaka. A ma'aunin ASHRAE 55, na Amurka da ke faɗin zafin da mutum zai ji daɗin zama a ɗaki, akwai lissafi na ɗakin da ba esi, ka ninka matsakaicin zafin waje da 0.31 ka ƙara 17.8. In matsakaicin 30 ne ka sami 27, kuma ana yarda da ƙarin 3.5 a sama, kusan 30.5 kenan, in ga fanka tana kaɗawa a ƙara wajen digiri 2. Jikin Bakano ba na ɗan Landan ba ne. Sai dai shi ma lissafin ya tsaya a matsakaicin 33.5, ranakun tsakiyar bazara a Sakkwato ko Maiduguri suna iya fita daga cikinsa.

Ɗan Damagaram:
Baba Birkila ni ina bayanku a maganar ƙasa amma a faɗi gaskiya duka. Na girma a ɗakin ƙasa a Birni, da rana kamar randa, amma a watan bazara wa ke kwana ciki? Kowa tabarma yake ja tsakar gida ko bisa soro, don katangar duk abin da ta sha da rana da dare take amayar da shi. Kakanninmu ba gini kaɗai suka tsara ba, har da inda za a kwana kowane wata. Yanzu mutane suna son ɗaki guda ya yi musu dare da rana, ga tsoron ɓarayi ba a kwana waje. To nan ordinatar, wato kwamfuta, ke da amfani, tana nuna maka ƙarfe nawa zafin zai iso ciki. Ga lakwal ko biro, wato makaranta ko ofis, da ake tashi da la'asar katanga mai kauri riba ce tsantsa, zafin ya iso an watse, a bar ƙananan tagogin sama buɗe da dare ta huce. Ga ɗakin kwana kuwa sai an yi tunani.

Kuma ba wai zaɓi ne tsakanin tubali da gilashi ba. Ku duba abin da Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili suka yi a Dandaji cikin jihar Tawa, an gama a 2018, sabon masallaci da bulon ƙasa da aka matse da inji, tsohon masallacin kuma aka mayar da shi ɗakin karatu. Ko Francis Kéré a Gando ta Burkina, lakwal ɗin da ya gina a 2001, kwano ne a sama amma ya ɗaga shi nesa da silin na ƙasa iska na wucewa tsakani, ya kuma fito da shi ya yi wa katanga inuwa. Mutumin nan ya ci Pritzker, babbar kyautar masu zanen gini ta duniya, a 2022, ba da gilashi mai shuɗi ba.

Tsohon Birkila:
Wannan gaskiya ne ɗan Nijar, mu ma a waje muke kwana har ruwan farko. Na karɓa.

Mai Sola:
Ku bar ni in sa baki don ni ake kira in an gama ɓarnar. Matsalar yamma a wurina ba yawan zafin ba ne kaɗai, lokacinsa ne. Fanel yana kan ganiyarsa daga 11 zuwa 2, daga ƙarfe 4 ya fara sanyi, daidai lokacin da gilashin Alhaji ke neman esi ya yi aiki iya ƙarfinsa. Kenan daga batir za a ja, batir kuwa shi ne mai tsadar. Esi inbata mai doki ɗaya da rabi yana jan wajen kilowat 1, ka ninka da yawan da Injiniya ya lissafa maka. In kuma layin Band A ne, tun Afrilun 2024 da aka kai yunit naira 225 kafin a ɗan sauko da shi, masu plaza da yawa suka fara nemana suna cewa a rage musu. Ina zuwa in ga gilashi in ce Alhaji da rumfa ka fara saye kafin fanel.

Ɗan Fagge:
To manya yanzu me zan kai masa? Don in na ce a cire gilashi gaba ɗaya wlh wani zai ba wa aikin, akwai masu jira.

Maman Sadiq:
Kar ka ce a cire, ka ba shi gilashinsa a inda ba zai cuci kowa ba. Shagunan ƙasa su sha gilashi, dama suna buƙatar a ga kaya, amma ka turo benen gaba ya yi musu baranda mai zurfi. A sama ka jera abin da ba a zama a ciki ta yamma, matakala, banɗaki, sito, korido, su sha ranar a madadin mutane. Matakalar ka yi mata dogon gilashi shuɗi daga sama har ƙasa, daga titi zai ga Dubai ɗinsa. Sauran fuskar ka yi mata labulen bulo mai huda ko faranta a tsaye a waje, don tare rana a waje ya fi labulen ciki nesa, in ta riga ta ratso gilashi zafin ya shigo. Ajin kwamfuta ka kai shi inda tagoginsa za su kalli arewa da kudu, ka ɗaga su sama kusa da silin don haske yana shiga ciki kamar ninki biyu na tsayin kan tagar daga ƙasa, silin da bango fari, allunan kwamfuta su ba taga gefe ba gaba ko baya ba. Kuma kar ka manta rufi, a bene na sama shi ne babban mai laifi, ranarmu a ka take. Kundin ƙa'idar tsimin makamashi a gini da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017 da tallafin hukumar GIZ ta Jamus ya ce taga kar ta wuce kashi 20 na bango sai da abin inuwa, kuma a sa abin tare zafi a rufi. Ban taɓa ganin an tambaye ni shi wajen neman izinin gini ba, amma ka buga shafin ka tafi da shi, takarda mai tambarin gwamnati tana da nata kwarjinin.

Ka yi zane guda uku kawai, nasa, naka, da na tsakiya. In ka kai goma zai rikice ya koma kan hoton wayarsa.

Injiniya Baban Amira:
Kuma ka kai shi filin ƙarfe 4:30, ka tsayar da shi yana kallon titi kuna magana, kar ka ce komai a kan rana.

Ɗan Fagge:
Salam manya, na dawo da rahoto. Jiya muka je filin bayan la'asar kamar yadda Oga ya ce, minti biyar bai yi ba ya ɗaga babbar riga ya kare fuska ya ce mu koma mota mu ƙarasa. A motar na buɗe masa hotunan ukun, ya daɗe yana kallon nasa da daɓen ajin ya yi ja wur, ya ce wannan jan mene ne, na ce inda ranar da ta kore mu yanzu za ta zauna ne Alhaji. Ya yi dariya ya ce kai yaron nan. Ya ɗauki na tsakiya, aji ya koma baya, matakala ta sha gilashi, amma ya ƙi bulo mai huda wai kamar makarantar gwamnati ta da, faranta yake so na alminiyom masu ruwan zinare. Kuma ofishinsa shi lallai a gaba yake so ta yamma da babbar taga don ya riƙa ganin masu shiga da fita, na yi na yi ya ce esi biyu zai sa. Abin rufin ma ya ce sai ya ga kuɗin tukuna.

Tsohon Birkila:
Bar shi da ofishinsa, bazara ɗaya za ta yi masa bayani. Ka dai bar ƙarfe a jikin lintal ɗin yadda in ya nemi rumfa daga baya ba sai an fasa ba.

Maman Sadiq:
Rufin kar ka sassauta, ka cire wani abu a kwalliya ka biya shi. In an gama ginin ina da ƙananan na'urorin auna zafi guda huɗu, ka zo ka ara ka rataya ɗaya a ajin ɗaya a ofishin Alhaji ɗaya a inuwa a waje daga Maris zuwa Mayu, mu gwada da abin da kwamfutar ta ce.

Ɗaliba 'Yar Samaru:
Yaya Ɗan Fagge don Allah turo min fayil ɗin Kano ɗin ta nan, datata ta kusa ƙarewa, kuma a cikin wanne folda ake sa shi?